Yadda Ake Karanta da Tantance Sitikar Hayaƙi a Jikin Janareta da Sauran Ƙananan Injuna a Amurka

Masu yi mini tambaya kan sitikar hayaƙi ta jikin inji kashi uku ne. Akwai mazaunin Amurka da ke son sayen injin yankan ciyawa ko janareta don aikinsa. Akwai ɗan kasuwar da ke bin gwanjo yana tara injuna, ya cika kwantena ya tura gida. Sai kuma wanda ya samu masana'anta a China, yana son shigo da kaya Amurka ya sayar. Dukansu sun ga wata 'yar sitika a jikin injin mai rubutun Turanci ƙanana-ƙanana, suna son sanin me take faɗa, da kuma ko rashinta matsala ce.

Matsala ce, babba kuwa. Wannan sitikar ita ce katin shaidar injin a wurin hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA. A karanta ta kafin a biya kuɗi, don bayan an biya karatun ba ya dawo da komai.

Abin da za ka tanada: waya mai kyamara da intanet, tocila, tsumma da ɗan ruwan sabulu. Binciken kansa kyauta ne, minti goma ya isa ga inji ɗaya.

1. Tabbatar injinka yana cikin wannan rukunin

Dokar da muke magana a kanta tana cikin kundin dokokin tarayya mai lamba 40 CFR, sashe na 1054. Ta shafi injunan da ke tashi da fulogi, na fetur ko na iskar gas, waɗanda ƙarfinsu bai wuce kilowat 19 ba, kimanin ƙarfin doki 25, kuma ba na hawa titi ba. Janareta ƙarami, injin ban ruwa, injin yankan ciyawa, injin hura ganye, zarton inji, injin wanki mai feshin ruwa, duk suna ciki.

An raba su aji biyar. Waɗanda ba a riƙewa a hannu lokacin aiki: aji na 1 shi ne mai girman ƙasa da cc 225, aji na 2 daga cc 225 zuwa sama. Na riƙewa a hannu kuma: aji na 3 ƙasa da cc 20, aji na 4 daga cc 20 zuwa ƙasa da 50, aji na 5 daga cc 50 zuwa sama. Riƙe lambar ajin injinka a ka, za ta yi amfani a mataki na 4 da na 5.

Gargaɗi: injin dizal ba ya cikin wannan, nasa sashe na 1039 ne. Injin jirgin ruwa da babur ɗin daji su ma kowanne da nasa sashen. Sitikarsu tana kama da wannan, amma lissafin awanni da ajin da zan kawo a ƙasa bai shafe su ba.

2. Nemo sitikar

Kashe injin, ka bari ya huce. Duba murfin da ke rufe fankar inji wajen igiyar ja, sai murfin kan bawul, sai gefen gangar injin kusa da wurin zuba baƙin mai. A zarton inji da injin hura ganye, tana yawan zama kusa da mariƙi ko a ƙarƙashin tanki. A janareta mai rufaffen jiki, buɗe ƙofar gefe da ake bi a duba mai.

Doka ta ce a manna ta a ɓangaren da injin ba ya aiki sai da shi, wanda kuma ba a saba sauyawa ba. Ta ce ta zama da Turanci, ta jure har ƙarshen rayuwar injin, kuma ba za ta ɓanɓaru ba sai ta yage ko ta lalace. Idan kamfanin da ya haɗa na'urar ya ɗora wani abu da ya ɓoye ta, wajibi ne ya manna kwafinta a inda ido zai gani. Shi ya sa wani lokaci za ka ga iri ɗaya guda biyu.

In maiƙo ya rufe ta, goge da tsumma mai ɗan sabulu. Kada ka sa fetur ko tina, suna cinye rubutun. Daga nan ka ɗauki hoto kusa-kusa, ka ƙara girmansa a waya, don rubutun ya yi ƙanƙanta ga ido.

Gargaɗi: sa farce a kusurwarta a hankali. In ta taso sumul gaba ɗayanta kamar sitikar farashi, ko takarda ce zalla da ruwa zai jiƙa, ka yi shakka. Haka in ka ga an manna wata a kan wata.

3. Karanta ta layi-layi

Kanun sitikar injin zamani shi ne EMISSION CONTROL INFORMATION. A tsofaffin injuna za ka iya ganin IMPORTANT ENGINE INFORMATION, ita ma sahihiya ce a zamaninta. Ƙarƙashin kanun ka nemi waɗannan: cikakken sunan kamfanin da tambarinsa, lambar rukunin injin, girmansa a cc ko lita, wata da shekarar ƙera shi, awannin da aka ba da tabbaci a kansu, da jimlar shaida. Ranar ƙerawa kaɗai ce doka ta yarda a buga a jikin ƙarfen injin maimakon kan sitika, don haka in ba ka gan ta ba, duba kusa da lambar siriyal.

Jimlar shaidar tana zuwa kamar haka: THIS ENGINE MEETS U.S. EPA EXH REGS FOR, sai shekara. EXH na nufin hayaƙin salansa. In ka ga EXH/EVP, to shaidar ta haɗa har da tururin fetur da ke fita daga tanki da tiyo.

Ga kuskuren da ya fi yawa: mutum ya ga an rubuta EPA da manyan haruffa a kwali, ko ya ga alamar CE, ya ɗauka shi ke nan. CE ta Tarayyar Turai ce, ba ta wadatar a Amurka. Rubutun kwali kuwa talla ne, kowa na iya bugawa. Abin da ke jikin injin shi ne hujja.

Gargaɗi, kuma wannan na rai ne: sitikar nan ba ta ce hayaƙin injin ba ya kisa ba. Ma'aunin da aka yarda wa janaretan aji na 1 da na 2 ya kai giram 610 na iskar kabon monoksaid a kowace awa kan kowane kilowat, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Tun 2007 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta wajabta wata sitika daban a kan janareta, mai cewa kunna shi a cikin gida na iya kashe mutum cikin mintuna. Ba a kunna shi a ɗaki, ko gareji, ko zaure, ko shago, ko da an buɗe ƙofa da taga. A waje, nesa da taga, kimanin mita shida daga gini. Mun sha jin labarin gidan da aka wayi gari ba wanda ya tashi, don Allah kada sitikar EPA ta sa wani ya saki jiki.

4. Warware lambar rukunin injin

A nan ne ake gane na gaskiya da na jabu, saboda haka ka natsu. Lambar tana da haruffa da alƙaluma 12, gabanta an rubuta ENGINE FAMILY ko EF ko FAMILY. Ga misalin yadda tsarin yake: KHNXS.1961AA.

Harafin farko shekarar samfuri ce, wato shekarar da aka yi wa rukunin injin rajista da sunanta. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9. Daga nan A ita ce 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024, S 2025. Lura an tsallake I da O da Q, don kada a rikita su da alƙaluma. Haruffa uku na gaba lambar kamfanin ce da EPA ta ba shi: HNX ta Honda ce, BSX ta Briggs & Stratton. Harafi na biyar, S, yana nuna ƙaramin inji mai fulogi. Gurabe huɗu na gaba girman injin ne a lita, .196 ke nan cc 196. Alƙalamin da ke biye shi ne ajin. Biyun ƙarshe kamfanin ne ke zaɓa don bambanta rukunoninsa.

Yanzu sai ka gwada ɓangarorin da junansu. Harafin shekara ya dace da shekarar da ke cikin jimlar shaida? Girman da ke cikin lambar ya dace da cc da aka rubuta? In lambar ta ce .196 da aji na 1, amma injin da ke gabanka ƙato ne mai cc 389, to daga wani injin aka ɗauko sitikar. Ranar ƙerawa fa? Shekarar samfuri tana iya farawa tun 2 ga Janairun shekarar da ta gabata, amma ba ta wuce 31 ga Disambar shekarar da aka ambata. Injin da aka ƙera a Oktoban 2018 da harafin K daidai ne. Wanda aka ƙera a 2021 da harafin K ba daidai ba ne.

Akwai injuna birjik a kasuwa da aka kwaikwayi siffar Honda, masu cc 196 ko 212. Kasancewarsu kwaikwayo ba shi ne laifi a wannan doka ba, da yawansu suna da rajista da sunan masana'antarsu. Abin dubawa shi ne sunan da ke kan sitika da lambar kamfanin su tafi tare.

5. Duba awannin tabbaci

Layin da ke cewa EMISSIONS COMPLIANCE PERIOD, sai adadin awanni, a ganina shi ne layi mafi amfani ga mai saye, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Kamfanin da kansa ne ya zaɓi tsawon lokacin da ya gwada injin ya tabbatar zai ci gaba da cika ma'auni. Aji na 1 yana da zaɓi uku: awa 125, 250 ko 500. Aji na 2: awa 250, 500 ko 1,000. Na riƙewa a hannu: awa 50, 125 ko 300. A tsofaffin sitika haruffa ake sawa, C ita ce ta ƙasa, B tsakiya, A ta sama.

Ba wai injin zai mutu ne ranar da awannin suka cika ba. Amma adadin yana gaya maka irin aikin da aka ƙera shi domin sa. Mai gida da ke yanka ciyawar ƙofar gidansa sau ɗaya a mako, awa 125 za ta kai shi shekaru. Wanda ke kunna janareta awa biyar kowane dare kuwa, cikin kwana 25 ya cinye ta. In da injin za ka nemi abinci, ko za ka tura shi inda wuta ba ta zama, nemi mai awanni mafi yawa a ajinsa. Janareta biyu suna iya zama launi ɗaya, ƙarfi ɗaya, farashinsu ya bambanta sosai, kuma wannan layin ne zai nuna maka dalili. Araha ba ta ado.

Ga sabon inji, akwai garantin kayan hayaƙi na aƙalla shekara biyu, wanda ya shafi irin su kafireta da na'urar ba da wuta. Ajiye rasit.

6. Tanki da tiyo

Wannan gajere ne. Sashe na 1060 ya shafi tururin fetur. In jimlar shaidar ta ce EXH kawai, nemi wata sitika a jikin na'urar mai cewa THIS EQUIPMENT MEETS U.S. EPA EVAP STANDARDS, domin sau da yawa wani kamfani ne ya ƙera injin, wani ya ɗora tankin. Haska tiyon mai da tocila, za ka ga rubutu na maimaituwa a tsawonsa. Injunan da suka girmi wannan doka, wadda ta kammala kama aji na 2 a 2011 da aji na 1 a 2012, ba lallai su kasance da ita ba.

7. Idan Kalifoniya ce

Jihar Kalifoniya tana da hukumarta ta iska mai suna CARB, da nata ma'aunin da ya fi na tarayya tsanani. Injin da za a sayar sabo a can dole sitikarsa ta ambaci Kalifoniya, ba EPA kaɗai ba. A kasuwa za ka ji ana cewa na jihohi 49 da na jihohi 50, to maganar ke nan. Sabbin kayan da aka yi wa rajistar jihar suna zuwa da wani bayani mai suna Air Index, ma'auni daga 0 zuwa 10, ƙaramar lamba ita ce mafi tsabta.

A Oktoban 2021 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 1346, a Disambar shekarar kuma CARB ta amince da ƙa'idar da ta ce daga samfurin 2024 yawancin sabbin ƙananan injuna, irin na yankan ciyawa da hura ganye, su zama marasa hayaƙi gaba ɗaya. An ɗaga wa janareta ƙafa zuwa samfurin 2028, tare da tsaurara masa ma'auni kafin nan. Ƙa'idar ta shafi sabbin kaya ne. Injin da kake da shi ba a hana ka amfani da shi ba, sai dai wasu birane suna da nasu hanin kan injin hura ganye na fetur, ka tambayi ofishin birninku. Wasu kayan gona da na gini masu ƙasa da ƙarfin doki 175, har da zarton inji mai cc 45 zuwa sama, suna hannun tarayya ne, ba jihar ba.

Gargaɗi: in kana sayarwa ta intanet, adireshin mai saye ne abin lura. Kada ka tura sabon injin jihohi 49 zuwa Kalifoniya.

8. Nemi lambar a jerin hukuma

EPA tana wallafa bayanan rajistar injuna a shafinta na intanet, a babban jadawali da ake saukewa kyauta. Sauke na ƙananan injuna masu fulogi, ka buɗe a kwamfuta don ya fi sauƙi, ka nemi lambar nan mai gurbi 12 harafi da harafi. In ta fito, duba sunan kamfani da girman inji. CARB ma tana da jerin takardun amincewarta a shafinta.

Mai sayen inji ɗaya daga sanannen kanti yana iya tsallake wannan. Mai sayen sari daga masana'antar da bai taɓa hulɗa da ita ba, kada ya kuskura.

9. Idan shigo da kaya Amurka za ka yi

Kafin ka biya kafin alƙalami, nemi abu biyu daga masana'antar: kwafin takardar shaidar EPA ta wannan rukunin, mai suna Certificate of Conformity, da hoton sitika a jikin ainihin kayan da za a loda maka. Takardar ta shekarar samfuri ɗaya ce, ta bara ba ta rufe injin da aka ƙera bana. Gwada lambar takardar da ta hoton da ta jadawalin EPA, ukun su zama ɗaya. Kafin a rufe kwantena, a buɗe wasu kwalaye daga tsakiya, ba na baki kaɗai ba, a ɗauko maka hotonsu.

Wajen shigowa ana cika fom ɗin EPA mai lamba 3520-21 don kwastan. Wakilinka na fito zai iya cikawa, amma alhakin abin da aka rubuta yana wuyanka, kai mai shigo da kaya. Sabon injin da shekarar samfurinsa ta girmi shekarar shigowa da fiye da shekara ɗaya yana da matsala, don haka ka yi hattara da tsohon ajiya da ake karyar maka da farashi. Kuma kasancewar an taɓa amfani da inji ba ya kuɓutar da shi, in an ƙera shi bayan dokar ta fara aiki.

Kuɗin kuskure a nan yana da nauyi. Kwastan za su riƙe kayan, kuɗin ajiya yana hawa kullum, a ƙarshe ko ka mayar da su waje da kuɗinka ko a lalata su. Tarar da doka ta tanada tana iya haura dala dubu 40 kan kowane inji ɗaya, ana kuma ƙara ta lokaci-lokaci. Ba kuma za ka buga sitika ka manna a tashar jiragen ruwa ba, wannan wani laifin ne a kan na farko.

Akwai sassauci ɗaya ga mutum mai shigo da abin amfanin kansa, ba na sayarwa ba: inji marar shaidar EPA har uku a lodi guda, sau ɗaya cikin shekara biyar. Shi ma sai an bayyana a fom.

10. Idan gida za ka tura

Injin da ke da sitikar EPA, EPA ba ta hana fitar da shi. Wani lokaci kuma za ka ci karo da sabon inji mai sitika da ke cewa SOLELY FOR EXPORT, tare da lamba 1068.230. Wannan an ƙera shi don fitarwa waje kawai. Kana iya loda shi zuwa Legas ko Kwatano, amma haramun ne ka sayar wa maƙwabcinka a Amurka ko ka yi aiki da shi a can.

Sitikar EPA ba ta maye gurbin takardun ƙasar da kayan za su sauka. A Najeriya hukumar kula da ingancin kaya, wato SON, tana da nata tsarin SONCAP na kayan da ake shigowa da su, ka tambayi wakilinka na fito tun kafin lodi.

Gargaɗi ga masu tura janareta: duba ɗaya farantin, na wutar lantarki. Na Amurka yana ba da bolt 120, ko 120 da 240, a kan zagaye 60 a daƙiƙa, wato 60 Hz, injin yana juyi 3,600 a minti. Najeriya da Nijar da Gana suna kan wuta mai kimanin bolt 220 zuwa 230 da zagaye 50. Ƙaramin janareta mai bolt 120 kaɗai ba zai ɗauki kayan gidanmu kai tsaye ba. Injin ban ruwa da na yankan ciyawa da zarto ba su da wannan damuwar.

11. Lokacin gyara ko sauya inji

Cire sitikar ko ɓata ta da gangan laifi ne a ƙarƙashin sashe na 1068, haka nan taɓa kayan rage hayaƙi. Makanike ya sani: ba a fasa murfin robar da ke taƙaita juya sukurun kafireta, ba a huda salansa mai matatar hayaƙi a ciki don ƙarin ƙarfi. Sauya kafireta da ta lalace da wata mai aiki iri ɗaya gyara ne, ba laifi. Wanda ke wuri mai tudu sosai irin Denver, ya nemi kayan daidaita mai da kamfanin ya tanada don tsaunuka, ya ajiye takardar, ya kuma mayar da na asali in injin ya sauko ƙasa.

In za ka yi wa injin fenti, rufe sitikar da salatif tukuna. In murfin da take kai ya fashe, ɗauki hotonta da na lambar siriyal kafin ka cire shi, ka je da su wurin dilan kamfanin ka nemi a ba ka wata. In kuwa injin gaba ɗaya za ka sauya, sabon ya zo da tasa sitikar, ka bi da shi mataki na 3 da na 4 kafin a ɗaura shi a kan firam, domin bayan an ɗaura sau da yawa tanki yana rufe wurin.